Ya Ce Da Sauƙi

"Da sauƙi?!" Na wurga wa saurayina takardar a cinya. "Kai da bakinka ka ce musu da sauƙi?"

Ya buɗe baki zai amsa, tari ya riga shi. Na tsaya riƙe da kofin ruwa har ya lafa. Wallahi na gaji.

Shekara biyu ke nan da gobarar rumbun maganin ƙwari. Kwana uku shi da sauran 'yan kwana-kwana suna zaro mutane daga hayaƙi, ya fito da huhun da ko bene ba ya kai shi. Diyyar aiki ce kaɗai za ta ɗauki nauyin maganinsa, ga shi kwamitin likitoci ya rubuta wai mai nema ya ce ya samu sauƙi.

"Sanyin idona... kawunki fa ne shugaban kwamitin. Ya ce min ya jiki, me zan ce?"

Kawu likita shi ne waliyyina tun rasuwar Baba, kuma ya sha faɗa ba zai ba da ni ga majinyaci ba.

"Sai ka haɗiye tarin?"

"Minti ashirin cif." Har da murmushi, wai shi jarumi! "Gara in rasa diyya da in rasa ki."

"Gawa zan aura ke nan?"

Ya sunkuyar da kai.

Ranar da kwamitin ya sake zama na bi shi har ciki. Kawu na ganina ya cire tabarau.

"Ke kuma me ya kawo ki?"

"Shaida, Kawu."

Na zazzage jakata a kan tebur. Hankicinsa ne da Ummansa ta tara min, kowanne da ɗigon jini.

"Kin san abin da kika yi wa kanki?" in ji Kawu a hankali. "In na sa hannu a takardar diyyar nan, da wane hannun zan ba shi ke?"

"Da shi dai, Kawu. Na san ciwonsa tun kafin ku sani, kuma ina sonsa a haka. Abin da ba zan iya ba shi ne in zuba ido ya mutu don kunyarku."

Kawu ya daɗe yana kallon hankicin, sannan ya juya wajensa.

"Ya jiki? Ba gaishe ka nake ba."

Ya dube ni, na gyaɗa masa kai.

"Babu sauƙi, Likita... tsoro nake ji."

Tarin ya ɓalle masa. Kawu da kansa ya taso ya dafa bayansa, ya koma ya sa hannu.

"Fara magani, sannan ka turo manyanka. Kuma Kawu za ka dinga cewa."

A tsakiyar matattakala ya tsaya yana haki.

"Ya jiki, jarumina?"

"Da sau..."

Na harare shi.

"Na gaji, masoyiyata."

"Ni ma."

Muka zauna a nan, mutane na kewaye mu suna wucewa.