Saiwar da Zubaida ta Dafa

Gab da magariba Zubaida ta fita tsakar gida ta sauke tukunya. Ba abinci ba ne a ciki. Saiwar itace ce, baƙa, murɗaɗɗiya, duk ramuka, wadda 'yarta Khadijatu ta tsinto a bakin rafi wajen Zungur bayan ruwa ya janye.

Khadijatu karatun kiwon kifi take yi a Yelwa. A falonsu na unguwar Ɗan Iya ta kafa akwatin gilashi, ta zuba yashi, ta shuka ciyayin ruwa, ta saki 'yan kifaye masu ja da shuɗi. Saiwar ce kawai ta rage, wai a tsakiya za ta zauna, kifayen su samu wurin ɓuya.

"Umma, don Allah ki dafa min ita kafin in dawo," ta ce da safe. "In ba a dafa ba, ruwan kamar shayi zai koma, kuma ba za ta nutse ba."

"Yanzu har itace ake dafawa? Oh ni Zubaida, boko bai bar komai ba."

Tun azahar tukunyar ke tafasa. Ruwan ya yi jawur, warin laka da ruɓaɓɓen ganye ya cika gida. Wajen la'asar ne ta ji ana ƙwanƙwasa murfin daga ciki, a hankali, kamar da ƙananan yatsu. Ta ce ai tafasa ce. Ta ɗauko dutse ta danne murfin, ta koma tsintar shinkafarta.

An daɗe ana bugawa kafin a daina.

Khadijatu ta dawo, ta ɗauraye saiwar da ruwan sanyi, ta kai falo ta saka. Saiwar ta taso sama.

"Kai, ke dai akwai taurin kai," ta ce mata tana dariya. Ta naɗe hannun riga, ta danna ta har ƙasa don ta ɗaure ta jikin dutse.

Ladan ya fara kiran salla. Ɗan injin da ke hura iska a ruwan ya yi shiru, alhali ga wuta. Kifayen suka taru a kusurwa guda, ko motsi babu. Kumfa ta fara fita daga ramukan saiwar, ɗaya bayan ɗaya.

"Umma." Muryar Khadijatu ta yi ƙasa. "An riƙe ni."

Zubaida ta tsaya da buta a hannu. Ta nemi addu'a a bakinta, babu. Ta nemi tsoron ma, babu. Kallo kawai take yi.

Kafaɗar Khadijatu ta shiga ruwa. Sai kumatunta.

Wata murya ta taso daga cikin akwatin. Ta mace ce, a gajiye, babu faɗa a cikinta.

"'Ya'yana na ciki. Sun yi ta bugawa. Kin ji su?"

"Na ji," in ji Zubaida.

Ruwa ya kai hancin Khadijatu.

"Wane hannu ya ɗora dutsen?"

Zubaida ta ajiye butar. Ta matso. Ta tura hannun dama cikin ruwan har gwiwar hannu, ta kama saiwar.

Ruwan sanyi ne, amma ya dafa mata hannun har ƙashi.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta cire ba.

Khadijatu ta faɗi baya tana tari, ruwa na zuba ta baki da hanci. Injin ya ci gaba da ƙara. A masallaci aka tada salla.

Washegari mijin Zubaida, Malam Mansir, ya naɗe saiwar a buhu ya mayar da ita rafin, bai tambayi kowa komai ba. Khadijatu ta kyautar da kifayen.

Hannun Zubaida bai tashi ba, ko tabo babu. A asibiti sun duba sun ce lafiya lau yake. Sai dai daga ranar ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Da shi take sauke tukunya daga wuta babu tsumma.

Wani lokaci Khadijatu kan zauna kusa da ita ta riƙe hannun, ta matsa.

"Umma, kin ji?"

Sai Zubaida ta sunkuya ta duba, ta ga yatsun 'yarta cikin nata, sannan ta ce, "Na gani."