Ina Zuwa

Kujerar roba ta daki gilashin, Malama ta zabura har jakarta ta faɗi.

"Kwantar da hankalinki, ba ya ganinmu," in ji Likita, idonta na kan takarda. "Ta wajensa madubi ne kawai."

Suna tsaye a wani ɗan ɗaki mai duhu a asibitin yara, suna kallon yaron nan ɗan shekara huɗu da duk makarantarsu ke kira Guguwa. Malama ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya gantsara mata cizo a hannu, sunan kuwa ya bi shi. A gefenta mahaifinsa ne, Injiniya, wanda saura wata biyu ya aure ta.

"Haba Babana... haba Babana," yake ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ta kasa haɗa ido da shi.

Takardar da ke hannun Likita ita ta cike ta. Asibiti ne ya aika wa makaranta da tambayoyi: Yana duka? Yana jifa? Yana ƙin bin umarni? Kowace tambaya da zaɓi uku, amma alƙalaminta bai ga komai ba sai "kullum". Allah ya sani ƙarya ta sharara.

A safiyar da ta cike ta, mahaifiyarta ta gama wanke ta tas.

"Duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kwaso sai mai ɗa? Ɗan ma wanda ya gagari kowa!"

Tana isa makaranta ta tarar da Anti, ƙanwar marigayiya uwar yaron, da bakinta mai zaƙi.

"Ki rubuta komai, 'yar uwa. In likita ta ce gidan uban ya gaza, ni zan riƙe shi, ki shiga ɗakinki ba hayaniya."

Ko makaho ya san inda Anti ta dosa, don duk inda yaron ya kwana nan ƙafar uban za ta riƙa zuwa. Amma Malama ba ta hango wannan ba, gida shiru kawai ta hango. Son rai bai yi ba!

Ga shi yau idonta na ƙaryata hannunta. Da ma'aikaciyar jinya ta zauna wasa da shi, lafiya lau. Da ta ce ya kwashe tubalan wasan ya zuba a kwando, ya turo baki amma ya kwashe. Da ta yi kamar tana rubutu ta share shi, ya ɗan yi mita ya haƙura. Sai da ta miƙe ta nufi ƙofa ne ɗakin ya kama da wuta.

"Saura kai, Injiniya," in ji Likita. "Ka yi wasa da shi. In na ƙwanƙwasa gilashi, ka fito kamar yadda ka saba fita a gida."

Ya shiga, yaron ya lafa a jikinsa, suka gina gada da tubala. Likita ta ƙwanƙwasa.

"Babana, ina zuwa."

Ihu!

Yaron ya rushe gadar, ya maƙale ƙafar uban, ya kafa masa haƙori.

Da aka samu ya yi shiru, Likita ta tara su a ofis.

"Ba na yanke hukunci da zama ɗaya, za mu sake. Amma sau biyu ya birkice, kuma sau biyun kalma ɗaya aka faɗa masa: ina zuwa."

Injiniya ya zame kan kujera.

"Inna lillahi... Ranar da za a kai mahaifiyarsa asibiti, ta shafa kansa a bakin ƙofa. Abin da ta ce masa ke nan."

Sai Malama ta tuna. Sau nawa take faɗar kalmar nan a aji? Za ta ɗauko alli, ina zuwa. Shugaba na kira, ina zuwa. In ta dawo ta tarar ya hargitsa aji, sai ta sa shi ya fuskanci bango. Maraya yana tsoron kada ta mutu, ita kuma tana horonsa!

"Malama," Likita ta ce a hankali, "takardarki ta ce kullum. Ni ban ga kullum ba."

"Ƙarya na rubuta..." Kuka ya ƙwace mata, ta juya ga Injiniya. "So na yi a ɗauke shi daga gidanka kafin in shigo."

"Ke?" in ji Injiniya. "Ke da nake ce masa ga sabuwar mamansa?"

"Ka yafe mini, masoyina..."

Ya saɓi ɗansa ya fita.

Sati uku ba kira, ba saƙo. Anti har ta fara kai abinci gidan. Malama ta sake cike takardar da gaskiya, ta kai asibiti da ƙafarta. A aji ta kashe sunan Guguwa, ta haramta wa bakinta waccan kalmar. In za ta fita sai ta durƙusa gaban yaron, ta cire agogonta ta damƙa masa.

"Riƙe mini. Ofis zan je, zan dawo in karɓa."

Ranar farko ya yi jifa da shi. Rana ta huɗu ya riƙe yana kuka. Ana nan, wata rana ya manta ya tafi da shi gida a aljihu.

Washegari Injiniya ya bayyana a ƙofar aji, agogon a hannunsa.

"Ya hana ni sakat. Wai in bai kawo ba, ba za ki dawo ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Har yanzu ina jin ciwon abin, Malamata. Amma na ga abin da kika yi bayansa."

Da mahaifiyarta ta ji labarin kalmar, sai da ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce a yi auren.

Kwana tara da tarewarta, tana ɗaura wa yaron takalmin makaranta, ya tuna ya baro gorar ruwansa a ɗaki. Ya dube ta, ya haɗiyi yawu.

"Mama... ina zuwa."

Ya ruga, ya dawo yana haki, ya tsaya a gabanta.

"Kin gani? Ni na dawo."