Ramin da Ke Jikin Ƙofa

Da hantsi aka kira Sufeto Suraj zuwa wani filin koyon harbi a hanyar Lusail, can ƙasar Larabawa. Shi Bahaushen Sudan ne, don haka duk rigimar 'yan Najeriya kansa take faɗowa.

Wani ɗan Najeriya, Injiniya Sharafaddeen, na kwance matacce a ɗakin goge bindigogi, harsashi ya shiga ƙirjinsa ya fita ta baya. A hannunsa akwai ƙaramar bindigar gasa, mai lamba 22.

"Kansa ya kashe, ranka ya daɗe," in ji Audi, abokin aikinsa, yana sharar hawaye. "Ni ina waje ina harbi da tawa."

"Taka wace iri ce?"

"Mai milimita tara."

Suraj ya duba ƙofar katako da ke bayan gawar. Akwai rami, har hasken rana na shigowa ta ciki.

A gidansu da ke unguwar Mu'aither, Bilqis matar mamacin ta tare shi, idonta a bushe.

"Yallaɓai, gobe za a kai shi Kano. Kar ka bari a ce wa ɗana ubansa kashe kansa ya yi. Jiya ma cewa ya yi zai kai rahoton wani gini da ya tsage."

"Wa ke kula da ginin?"

"Audi."

Maganar ɗan nan ta tsaya wa Suraj a rai. Ya sayi rago fiɗaɗɗe, ya rataye shi a gaban wani katako mai kaurin ƙofar, ya sa aka kawo Audi.

Ya harba mai lamba 22. Harsashin ya maƙale a cikin nama, katako ko ƙwarzane babu. Ya harba mai milimita tara, harsashin ya ratsa ragon, ya huda katakon.

"Malam Audi, wanne ne ya huda ƙofa?"

Audi ya ce, "Wataƙila tsohon rami ne..."

"Khalas, ya isa! Mun tono harsashin a cikin yashi bayan ƙofar, an gwada shi da bindigarka."

Audi ya durƙushe. "Roƙonsa na yi ya rufa min asiri, ya ƙi. Ni na sa masa tasa a hannu."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi cikin mota. Tun motar ba ta tashi ba Suraj ya kira Bilqis.

"Hajiya, ki gaya wa yaron gaskiya ubansa ya tsaya a kai, aka kashe shi."

Sai a lokacin ya ji ta fashe da kuka.