Saƙonnin Da Baba Ya Zubar

Ana idar da sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan. Maigidan yana ɗakin baya, inda ya jera kwamfutoci uku tun da kamfaninsu ya bar shi ya riƙa aiki daga gida. Sana'arsa gwajin manhaja: ya rubuta umarni, na'ura ta gwada manhajar da kanta, ta adana abin da ya fito a fayil. Saƙonnin kuskure kuwa, da suka yi yawa har ogansa ya fara faɗa, sai ya ƙara layin umarni ɗaya mai zubar da su ba a karanta ba.

Kwana huɗu ana jifa, ba a ga mai jifan ba. Rana ta biyar Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗakin. Da ta buɗe baki, muryar tsoho ce ta fito.

Uwar ta kira kawunta, malami ne. Ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu, a hankali, har ta fara karkarwa.

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ita ba ce. Ɗakina ubanta ya cika da zafi da ƙara. Wata uku ina rubuta masa a cikin na'urarsa, ta wurin da take faɗin kuskure. Ko sau ɗaya bai duba ba."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Matar ta juyo ta dube shi.

"Za a kwashe kayan," in ji malam. "Fita."

"Zan fita, amma da muryarta. Shekara guda."

"Ɗauki tawa!" in ji uban.

"Kai da ba ka ji, me zan yi da bakinka?"

Malam ya ƙara karatu, muryar ta yi ta ihu tana rage wa'adin, amma ta ƙi sauka ƙasa da wata uku. Auta ta yi atishawa, ta yi lamo.

Aka kwashe kwamfutocin, aka rufe ɗakin. Wata uku yarinyar sai nuni da hannu. Ranar da bakinta ya buɗe, da yamma ne, ta ce, "Umma, ruwa."

Uban ya taso da sauri da kofi a hannu. Ta dube shi, ta jira uwar ta kawo wani.