Muryar da Ta Ce Ya Shigo

Furera ba ta amsa sallama da almuru. Ba rowa ba ce, haka ta taras a gidansu can Gurbin Bore: in rana ta faɗi, ba a ce wa muryar da ba a ga mai ita ba ta shigo. Masu sayen man gyaɗarta a Kaura duk sun saba, sukan jira a idar da salla.

'Yarta Zulaihat, mai karatun kwamfuta a poli, ita ta haɗa mata mataimaki a waya, irin AI ɗin nan da ake tsara wa aiki ɗaya tak. Nasa aikin tarbar masu saye. Ta naɗi muryar uwar ta saka masa, ta umarce shi ya yi wa kowa maraba, kada kuma ya bar baƙo ya tafi hannu rabbana. Aka ajiye wayar a tagar zaure. Zancen almuru kuwa ko a ranta bai faɗo ba, yaran yanzu ke nan.

Wata Laraba Furera na alwala, kaji sun shige akurki, gari ya yi tsit. Sai aka yi sallama daga zaure, murya ƙasa-ƙasa, ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Furera ta ja bakinta ta yi gum. Can ta ji muryarta, tata ta kanta, tana amsawa da fara'a: "Lale marhabin! Shigo, gidan naka ne."

Butar ta suɓuce daga hannunta. Ba wanda ya shigo.

Kashegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa na sauka kan kwano ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mijinta Nasidi ya zagaye gidan bai ga kowa ba. Kafin ya dawo Zulaihat ta yanke jiki ta faɗi bakin murhu, ta tashi zaune tana kallon uwarta da idon da bai san ta ba. Tsoro ya kama Furera, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ita ke nan gare ta.

Nasidi ya ɗauko Malam Jibrilu daga Shinkafi. Malam ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta buɗe baki da waccan muryar.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni baƙo ne. Sallama niy yi, anka ce in shigo."

"To an sallame ka. Tahi."

"Ba kai kak kira ni ba. Wanda yay yi min maraba shi ka sallama ta."

Aka kawo wayar. Malam ya ce da ita ta sallami baƙon. Sai muryar Furera ta fito zaƙi-zaƙi: "Haba, tun yanzu? Zamna mana, akwai sabon mai." Aka sake, ta sake. Abin da aka ɗora ta a kai ke nan, mai iya canza shi kuwa ga ta nan zaune, wani na dariya da bakinta.

Malam ya share zufa. "Muryar wa ta ce ka shigo?"

"Ta wagga." Yatsan Zulaihat ya nuna Furera.

"Ga mai muryar nan da ranta. Ita za ta sallame ka."

Aljanin ya ce, "Na yarda. Amma baƙo sai da rakiya. Muryar da tak kira ni ita ka raka ni, kuma ba ta dawowa."

Malam ya ɗaga hannu zai ƙi, amma Furera ta riga ta miƙe. Ta dubi 'yarta sau ɗaya, ta taka har bakin zaure.

"Sauka lahiya," ta ce. "Ka gaida gida."

Iska ta kaɗa labule, jifa ta tsaya. Daga ciki Zulaihat ta yi atishawa ta ce, "Inna?"

Furera ta juyo da gudu, ta buɗe baki za ta amsa. Ba abin da ya fito.

Da Zulaihat ta ji yadda aka yi, ta ɗauki wayar tana kuka, ta rantse sai ta goge mataimakin. Ta kai yatsa ta tsaya. Har yau ba ta goge ba, don nan kaɗai muryar uwarta ta rage.