Ɗigon da Haladu Ya Sa a Kurmin Rimi

Ku matso kusa. Ladidi, ajiye wayar nan. Kuma kar wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", wannan ba tatsuniya ba ce.

Kun san Haladu, ƙanin mijina. Shekarar da tsuntsaye jan-baki suka auka wa shinkafar fadama, shi aka ɗauka aikin nuna wa jirgin feshi hanya. Ƙaramin jirgi ne, mutum ɗaya ke ciki, wani Kyaftin Nuhu, mai 'ya'ya huɗu. Haladu zai hau babur ya nemo inda tsuntsayen ke kwana, ya danna wurin a taswirar waya, ɗigon ya je wa matuƙin. Daga nan sai ya tsaya yana bin jirgin a manhaja. Ɗan hoto ne ke tafiya, ga lambar tsayinsa a gefe.

To, Haladu akwai rawar kai. Ya gano tsuntsayen a Kurmin Rimi suke kwana. Manoma suka ce masa, "Wurin nan da masu shi. Ko ruwan zafi za ka zubar, sai ka yi sallama." Ya kwashe da dariya, wai taswirarsa ba ta nuna gida a can ba. Ya danna abinsa.

Dab da magariba jirgi ya zo. Ya yi ƙasa, ya saki guba a kan kurmin. Tsuntsaye suka yi ta zubowa. Haladu na tsaye shi kaɗai a bakin hanya, waya a hannu.

Sai kukan tsuntsayen ya ɗauke. Tsit.

Wata tsohuwa ta fito daga cikin bishiyoyin. Zanenta a jiƙe, yana warin maganin. Ta goyo abu a baya, an lulluɓe shi, ba ya motsi.

"Sannu, Iya," in ji Haladu.

"Wa ya watsa mana wuta?"

Muryar ba ɗaya ba ce. Kamar mutum ɗari ke magana a maƙogwaro guda. Ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafunta. Yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, da farata.

Ta ɗaga ido sama. Sauran tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, baƙi ƙirin, suka bi jirgin. Haladu ya dubi waya. Lambar tsayi na sauka. Ɗari uku. Ɗari biyu. Yana jin injin na tari daga nesa.

"Shi ne?" ta ce, tana nuna jirgin.

Wallahi da ya yi shiru da ya tsira. Shi da bakinsa ya gaya mini ya so ya yi shirun. Tsoro ya cika shi. Ɗari da ashirin.

"Iya, bai san wurin ba. Ni na nuna masa."

"Da me?"

Ya miƙa ɗan yatsansa manuni.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta kama wuyan hannunsa, ta danne shi ƙasa da ƙafa ɗaya, faratan suka shige masa kafaɗa. Ta murɗe yatsan. Ya ji ƙas! Ta sake murɗawa, ta fizge shi daga tushe. Jini ya wanke fuskar wayar. Ya yi ihu har muryarsa ta mutu, babu wanda ya ji.

Da ya farfaɗo ba kowa. Ya goge wayar da riga. Ɗari biyar, jirgi ya miƙe ya nufi gida.

Washegari Kyaftin Nuhu ya zo asibiti duba shi, fuskarsa duk yankan gilashi. Ya zauna a bakin gadon.

"Haladu, na riga na yi kalmar shahada. Sai kawai suka watse. Da na sauka na tarar da wannan a kan cinyata."

Ya buɗe hankici. Sheƙar tsuntsu ce, sabuwar saƙa, ciyawar ko bushewa ba ta yi ba. A ciki ga yatsan, da sauran ɗuminsa.

Sagir, kai ne mai yanke ta kurmin nan in ka taso daga gona. Kar in sake ji ka bi ta can kai kaɗai. In kuma dole ta kama ka, ka sa hannuwanka a aljihu.