Igiyar da Taufiq Ya Hau da Ita

Da la'asar ɗin wata Lahadi ta 2003, jandarmomi suka kawo gawar Taufiq birnin N'Djamena a bayan akori-kura. Ɗan mahauta ne daga unguwar Bololo, yana cikin samarin da ke zuwa hawan duwatsun Hadjer el Hamis a ƙarshen mako. Daga sama ya faɗo, igiya ɗaure a ƙugunsa.

Sufeto Abdulgaffar ya fara da Ya'akubu, shugaban samarin, wanda ke auren yayar mamacin.

"Wa ya ɗaura igiyar a saman dutse?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Turaku biyu na ƙarfe ne kafe a dutsen. Na ɗaura maɗaurin nailan a jikinsu, na maƙala zobba biyu masu kulle, na zura igiyar ta cikinsu. Mai hawa yana baki ɗaya, mai riƙo yana ɗayan a ƙasa."

"Wa ya saba fara hawa?"

"Ni. Ranar kafaɗata ke ciwo, sai Taufiq ya ce zai fara, na riƙe masa."

Washegari Sufeto ya hau dutsen ta hanyar awaki. Turakun suna nan daram. Maɗaurin ne ya rabu biyu, bakinsa ya ƙone ya dunƙule kamar ledar da ta taɓa garwashi. Babu zobe ko ɗaya. Wani ya cire su, ya bar igiya tana gugar nailan kai tsaye, har nauyin mutum ya narkar da shi.

Falalu, wan Taufiq, yana zaune a wurin zaman makoki lokacin da aka kira shi gefe.

"Ka hau saman dutsen ranar?"

"Ban taka ba. Ruwa na je ɗebowa a ƙauye. Ko da na dawo, ya riga ya faɗo."

Amma Hamisu, direban da ya kai su, ba haka ya gani ba.

"Kafin ya faɗo Falalu ya iso," in ji shi a ofishin 'yan sanda. "Ya yar da jarka, ya sheƙo da gudu yana ihu, 'Taufiq, kama dutse! Kar ka saki jikinka a igiya!' Iska ba ta bari yaron ya ji ba. Ya ɗaga mana hannu, ya saki jiki, Ya'akubu ya fara sauke shi."

"A lokacin akwai alamar matsala a igiyar?"

"Ko kaɗan. Mu duka dariya muke yi."

Sufeto ya sa aka kawo Falalu, ya rufe ƙofa.

"Daga ƙasa ba a hango maɗaurin. Yaya aka yi ka san ba zai riƙe ƙaninka ba?"

Falalu ya zura hannu a aljihun rigarsa, ya ajiye zobban biyu.

"Tun ranar suna jikina. Na kasa yar da su."

"Don wa ka cire?"

"Ya'akubu. Ya daki ƙanwata Mairama har cikinta ya zube. Manya suka taru suka ce a rufe, aka mayar da ita ɗakinsa. Ina gaishe shi, ina cin abinci da shi kwano ɗaya. Da ya sauko daga ɗaurin, na zagaya ta baya na hau. Na tafi ɗiban ruwa don kada in gani. Ina dawowa na hango Taufiq ne a jikin igiyar. Ni na koya wa Taufiq hawa, Sufeto. Ni na ce masa igiya ba ta cin amana."

Sufeto ya tura a kamo Ya'akubu kan dukan Mairama. Falalu ya roƙi a bi da shi ta gida ya ga mahaifinsa.

Motar ta tsaya a ƙofar gidansu a Bololo. Tsohon yana kan tabarma cikin masu ta'aziyya, an riga an faɗa masa.

"Baba," in ji Falalu ta taga, ankwa a hannunsa.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan carbinsa, har Sufeto ya ce wa direba su tafi.